Kumfa Mai Ɗaga Kankare: Yadda Ake Gyaran Daɓen Da Ya Lotsa A Kuala Lumpur

Sunan Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, ma'anarsa da harshen mutanen ƙasar ita ce mahaɗar ruwa mai taɓo. A nan ne kogin Gombak ya haɗu da kogin Klang, a nan ne kuma cikin shekarar 1857 waɗansu Sinawa su 87 suka sauka daga kwale-kwale, bisa umurnin wani basarake mai suna Raja Abdullah, suka nufi Ampang neman kuza. A yau ba a ganin taɓon nan, gama kwalta da kankare sun lulluɓe shi, an kuma jera masa benaye waɗanda ke cikin mafiya tsawo a duniya. Duk da haka yana nan a ƙasa, yana kuwa tuna wa mutane da kansa. Masu gidaje da masu masana'antu da hukumomin hanyoyi ba su rabuwa da daɓen da ya lotsa, da dakalin da ya rabu da bango, da titin da ya yi kwari a bakin gada.

Ɗaya daga cikin dabarun da ake bi wajen gyaran irin wannan ɓarna ita ce a ɗura wata irin kumfa a ƙarƙashin kankaren, ta kumbura, ta ɗaga shi ya koma mazauninsa, ba tare da an fasa shi ba. Dangin wannan kumfa ne kuma ake sayarwa cikin gwangwani domin toshe kafofin gini. Dabara ce mai sauri, mai kuma ban mamaki ga wanda ya gan ta farkon gani. Amma tana da iyaka, kuma sanin iyakar nan shi ne rabin aikin.

Abin da ke ƙarƙashin birnin

Kafin a fahimci maganin, wajibi ne a san cutar. Yanki mai yawa na Kuala Lumpur yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Ruwan sama yakan ɗebi iskar kabon a sarari da cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami kaɗan, sa'an nan ya riƙa narkar da dutsen sannu a hankali cikin dubban shekaru, har ya yi masa koguna da ramuka da tsinin duwatsu masu kama da haƙoran zarto. Wanda ke son ganin haka da idonsa sai ya je kogunan Batu, kimanin kilomita 13 arewa da birnin, inda dutsen ya ɓullo sama ya zama tsauni, mutane suna hawan matakala 272 su shiga cikinsa. Irin waɗannan koguna suna nan a ƙarƙashin titunan birnin, waɗansu fanko, waɗansu cike da laka.

Abu na biyu shi ne gadon da haƙar kuza ta bari. Fiye da shekara ɗari ana tone kwarin Klang, ana wanke ƙasa da ruwa a fitar da kuza, a zubar da yashi gefe guda, laka mai laushi kuma ta kwanta a cikin tafkuna. Tafkin Titiwangsa da mutanen birnin ke zuwa shan iska tsohon ramin kuza ne, haka nan babban tafkin Sungai Besi da ke kudu. Sa'ad da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, birnin kuma yana ta bunƙasa, sai aka ci gaba da cike tsofaffin ramukan ana gina unguwanni a kansu. Lakar da ke ƙasa kuwa cike take da ruwa. In aka ɗora mata nauyi, ruwan yakan tsiyaye a hankali, ita kuma ta riƙa motsewa shekara da shekaru, abin da ke kanta yana binta ƙasa.

Abu na uku shi ne ruwan sama, wanda ya kan haura milimita 2,400 a shekara, watau kusan ninki uku na abin da Kano ta saba samu. Duk inda kwata ta tsage ko bututu ya huje, ruwa yakan bi ta nan ya riƙa kwashe yashi ƙwaya ƙwaya, har a wayi gari akwai rami a ƙarƙashin daɓen da ke nan sumul a ido.

Manyan gine-gine sukan tsere wa wannan matsala da kuɗi mai yawa. Alal misali, da aka zo gina tagwayen benayen Petronas, masu tsawon mita 452, waɗanda aka kammala a 1998, bincike ya nuna cewa rabin filin yana bisa ruɓaɓɓen dutsen farar ƙasa ne. Sai aka gusar da ginin mita 60, aka kafa masa turakun kankare masu zurfin mita 60 zuwa 114, aka kuma zuba wa kowane bene faifan harsashi mai kaurin kimanin mita huɗu da rabi, ana zuba kankare sa'a 54 ba tsayawa. Ƙaramin gida ko sito ba ya samun irin wannan gata. Galibi ginshiƙansa ne kaɗai ke tsaye a kan turaku, amma daɓen ƙasa, da rumfar ajiye mota, da kwatar da ta kewaye gidan, duk a kan ciko suke kwance. Don haka sai ginin ya tsaya cik, abin da ke kewaye da shi ya sauka, tsaga ta buɗe a tsakaninsu.

Mece ce wannan kumfa?

Sunanta foliyuretan, kuma ba baƙuwa ba ce a gidajen Hausawa, domin katifar soso da matashin kujerar mota da abin da ke cikin bangon firji duk danginta ne. Wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa ne suka gano ta a garin Leverkusen cikin 1937. Ana yin ta ne da ruwan sinadari iri biyu, ɗaya ana ce da shi foliyol, ɗayan kuma aisosayanet. Muddin suna rabe, kowanne ruwa ne kawai. Da zarar sun haɗu sai su ɗauki zafi, su fara ƙulluwa da juna suna zama roba. A daidai wannan lokaci iska tana tasowa a cikinsu, kamar yadda ƙullin fanke ke tashi in an sa masa yis. Cikin 'yan daƙiƙoƙi haɗin yakan ninka girmansa sau goma ko fiye in babu abin da ya tare shi, sa'an nan ya daskare da miliyoyin ƙananan aljifan iska a cikinsa. Kumfar katifa aljifanta a buɗe suke, shi ya sa take lotsawa, take kuma shan ruwa. Kumfar ɗaga kankare kuwa aljifanta a rufe suke, tana da tauri kamar busasshen itace mai sauƙi, ruwa kuma bai cika ratsa ta ba.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya abu marar nauyi irin wannan zai ɗaga kankare? Amsar tana cikin lissafi. Faifan kankare mai kaurin santimita 15, wanda tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa mita ɗaya, nauyinsa kimanin kilo 360 ne. In aka raba wannan nauyi bisa dukan faɗin faifan, kowane ɗan wuri mai girman farcen yatsa, watau santimita ɗaya tsawo da faɗi, giram 36 kaɗai yake ɗauke da shi, bai kai nauyin ƙwan kaza ba. Ƙarfin da kumfa ke turi da shi sa'ad da take kumbura a matsattsen wuri ya ninka wannan sau da yawa. Tun da yake tana bazuwa ta tura ko'ina a lokaci guda, sai faifan ya tashi.

Ɗaga daɓe ta hanyar ɗura masa abu a ƙasa tsohuwar dabara ce. Tun farkon shekarun 1930 ma'aikatan hanya a jihar Iowa ta Amurka suke tura kwaɓaɓɓiyar ƙasa da siminti a ƙarƙashin titunan kankare da famfo. Aibin wannan shi ne nauyi. Ramin da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, in aka cika shi da irin wannan kwaɓi, an ƙara wa ƙasar fiye da tan ɗaya da rabi. In da kumfa aka cika shi, galibi bai kai kilo ɗari ba. Ga ƙasar da nauyi ne ya sa ta sauka tun farko, irin lakar ramukan kuza, wannan bambanci babba ne. Kamfanin Uretek na ƙasar Finlan ne ya soma yin aikin da kumfa wajen farkon shekarun 1980, daga nan dabarar ta yaɗu. A Malesiya, injiniyoyin Jami'ar Fasaha ta MARA da ke Shah Alam, kusa da Kuala Lumpur, sun yi nazarin amfani da ita wajen gyaran tituna da daɓen da suka sauka a ƙasa mai laushi.

Yadda ake aikin

Ma'aikatan kirki ba su fara da huda. Da farko sukan auna daɓen gaba ɗaya, su san inda ya sauka da yawan saukar. Sa'an nan su nemi ramukan ɓoye, ko da na'urar rada mai hango abin da ke cikin ƙasa, ko da sandar ƙarfe irin wadda Ma'aikatar Ayyuka ta Malesiya ta daɗe tana amfani da ita: ana buga sandar da guduma mai nauyin kimanin kilo 5, ana ƙidaya bugu nawa ake yi kafin ta shiga ƙafa ɗaya. In bugun kaɗan ne, ƙasar ba ta da ƙarfi. Wajibi ne kuma a san inda bututun ruwa da na ƙazanta da wayoyin lantarki suka bi, domin kumfa ba ta da ido. In ta sami tsagaggen bututu za ta shiga ta toshe shi.

Bayan haka sai a huda kankaren, ƙananan huji masu faɗin yatsa, a tazarar kimanin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sinadaran biyu suna cikin tankuna dabam dabam a bayan mota, kowanne yana bin tiyonsa, ba su haɗuwa sai a bakin bindigar ɗurawa. Mai aikin yakan ɗura kaɗan ya dakata, kumfar ta bazu ta cike ramin, ta danne sakakkiyar ƙasar da ke ƙasa, sa'an nan ta fara turo faifan sama. Wani ma'aikacin yana tsaye da ma'aunin hasken leza yana lura da tashin, milimita bayan milimita, yana ba da alamar a tsaya ko a ci gaba. Gaggawa ba ta da wuri a nan. Faifan da aka ɗaga ya wuce kima ba ya komawa, wanda aka ɗaga gefe guda da sauri kuma yakan tsage. In ƙasar da ke can ciki ce sakakkiya, akan zura siraran bututu su kai mita biyu ko fiye, a ɗura kumfar a can.

Cikin kimanin minti 15 kumfar ta sami mafi yawan ƙarfinta. Sai a toshe hujin da siminti, a share wurin. Sito da za a yi makonni ana fasawa ana sāke zubawa, da wannan dabara ba sai an kwashe kayan da ke cikinsa ba. Titi kuma ana iya gyara shi da dare, motoci su bi ta kansa da asuba. Sinadaran suna da tsada, amma a birnin da rufe layi ɗaya na babbar hanya kan jawo cunkoso mai tsawo, lokacin da aka tsirar shi ma kuɗi ne.

Toshe kafofi da tsagogi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kuala Lumpur abin da ke shiga ya fi ƙadangare: ruwa, da sauro, da kyankyasai, da zafin waje wanda ke sa na'urar sanyaya ɗaki shan lantarki. A nan ne kumfar gwangwani ke da amfani. Ita sinadarinta a haɗe yake, laimar da ke cikin iska ce ke sa ta daskare, abin da kuwa ba a rasa shi a Malesiya. Ana fesa ta a ratar da ke tsakanin bango da ƙarfen taga ko na ƙofa, da kewayen bututun da ya ratsa bango. Ƙa'idarta ita ce a share ƙura, a ɗan yayyafa ruwa, a cika abin da bai wuce rabin ratar ba, domin sauran ita za ta cike shi da kanta. In ta bushe a yanke abin da ya yi tozo da wuƙa, a rufe da filasta ko fenti, gama hasken rana yakan mai da ita rawaya, ta riƙa marmashewa. In aka cika ta da yawa tana iya tanƙware ƙarfen taga har ta ƙi buɗewa. Ba ta ɗaga daɓe, ba ta riƙe gini, ɓera kuma yana iya gaigaye ta, gara ma takan yi hanya a cikinta.

Akwai kuma wata iri da ake ɗura wa tsagar da ke yoyo a rufin kankare ko a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Akan huda a karkace har a cim ma tsagar, a tura ruwan sinadarin da famfo. Da ya gamu da ruwan da ke yoyo sai ya kumbura ya rufe masa hanya. Wannan aiki ya zama ruwan dare a birnin, inda jama'a da yawa ke zaune a gidajen bene, wani bisa wani. Yoyo daga banɗakin sama zuwa ɗakin ƙasa ya yawaita har dokar kula da irin waɗannan gidaje ta 2013 ta ɗauka cewa aibin daga gidan sama yake, sai in an tabbatar da akasin haka. Toshewa daga ƙasa takan tsai da ɗigar, amma in ba a gyara banɗakin ba ruwan yakan nemi wata tsagar.

Ba kowace kafa ce ake toshewa ba. Ƙananan ramukan da ake bari a bangon tare ƙasa an yi su ne domin ruwan da ya taru a bayansa ya fita. Mutanen birnin ba su manta ranar 11 ga Disamba, 1993 ba, sa'ad da ruwan da ya cika gangaren tsauni a Ulu Klang, bayan kwanaki ana sheƙa ruwa, ya zaftaro ƙasa ya ka da ɗaya daga cikin benayen Highland Towers, mutum 48 suka rasu. Ruwan da aka hana shi hanya yakan yi wa kansa wata. Haka nan ba a toshe kafar shan iska a ɗakin girki mai tukunyar gas.

Sinadarin kansa yana bukatar hattara. Tururin aisosayanet yana iya jawo ciwon asma, saboda haka ana bukatar safar hannu da tabarau da wuri mai iska. Iskar da ke turo kumfar daga gwangwani tana kama wuta. Busasshiyar kumfa ma tana ci, hayaƙinta kuwa guba ne.

Inda kumfa ba ta da iko

Ranar 23 ga Agusta, 2024, a titin Masjid India, ba nisa da mahaɗar kogunan nan biyu, daɓen gefen titi ya burma da wata baƙuwa daga Indiya, ta faɗa rami mai zurfin mita 8. An yi kwana tara ana nemanta cikin bututun ƙazanta, ba a same ta ba, aka dakatar da neman. Bayanin da gwamnati ta gabatar daga baya ya danganta abin da lalacewar bututun ƙazantar da ke ƙarƙashin wurin da kuma rashin ƙarfin ƙasar da ke kewaye da shi. Daga sama daɓen yana nan kamar lafiyayye, alhali ƙasar da ke riƙe da shi ta daɗe tana zurarewa.

Wannan shi ne abin da ya kamata duk mai son aiki da kumfa ya riƙe. Ruwa ba ya tsami banza, daɓe ma ba ya lotsawa banza. In bututu ne ya huje yana kwashe yashi, kumfar za ta cike ramin yau, ruwan ya tona wani a gefenta gobe. In lakar da ke can ƙasa ce ba ta gama motsewa ba, za a ɗaga daɓen bana, ya sāke sauka bayan 'yan shekaru, ko da yake a hankali, tun da ba a ƙara masa nauyi ba. In kogon dutse ne babba, maganinsa siminti mai yawa ne ko turaku. In kuwa kankaren kansa ya farfashe, babu abin ɗagawa, sai a sāke zubawa. Haɗarin da ya fi duka shi ne a daidaita saman wuri, hankalin kowa ya kwanta, a daina tambayar abin da ke faruwa a ƙasa. Tsarin da ya dace shi ne a gano hanyar ruwan, a gyara ta, sa'an nan a ɗaga daɓen.

Daga kwakwar manja zuwa ƙasar Hausa

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan kumfa da Afirka ta Yamma. Kwakwar manja, wadda asalinta daga can take, an fara nomanta domin kasuwa a Malesiya a 1917, a gonar Tennamaram ta jihar Selangor. Yanzu ƙasar ce ta biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indunusiya. Hukumar Manja ta Malesiya ta daɗe tana sarrafa foliyol daga manja a maimakon man fetur, domin yin kumfa iri iri. Ɗayan sinadarin dai har yanzu daga man fetur yake fitowa.

Matsalar ƙasar ma ba baƙuwa ba ce. A tsaunin Jos haƙar kuza ta bar ɗaruruwan tafkuna da tulin yashi irin na kwarin Klang. A birnin Kano da Katsina da Zariya, kududdufai da yawa waɗanda aka haƙa tun zamanin da domin ƙasar gini an cike su da shara da ɓaraguzai, an yi gidaje da shaguna a kansu, shara kuwa ruɓewa take yi ta zauna. A yankin tafkin Chadi akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Kumfa tana iya taimakawa a waɗansu daga cikin waɗannan wurare, musamman a sito da masana'anta da filin jirgin sama, inda tsai da aiki ke da tsada. Ga mai ƙaramin gida kuwa, abin da ya fi araha yana hannunsa tun ranar gini: ya tambayi dattawan unguwa abin da ke filin kafin a cike shi, ya sa a yi cikon kashi kashi ana yayyafa ruwa ana daɓewa, ya kai ruwan indararo nesa da gindin bango, ya kuma duba kwatarsa da bututunsa kafin kowace damina ta faɗi.